Ana Tace Mai a Lekki, Iyayenmu Mata Na Tace Hayaƙi da Huhu



Tun da aka ba da sanarwar cewa matatar Ɗangote za ta faɗaɗa aikinta zuwa ganga miliyan 1.4 a rana, na ga yadda wasu daga cikinmu suka cika shafukansu da murna. Wani ɗan uwa har cewa ya yi duk ɗan Arewan da bai taya murna ba, hassada ce ke cin sa. A wannan satin ne kuma na je gida, wani ƙauye a ƙaramar hukumar Faskari. Da magariba na tarar da Inna a durƙushe gaban murhu tana hura ɗanyen itace da karan dawa, idanunta sun yi jawur, tana tari tana juya tuwo. A jikin bango ga rishon da muka taso da shi a rataye, ya yi tsatsa. Na ce, "Inna, ina kalanzir?" Ta yi dariya ta ce, "Kai ɗan nan, kuɗin kwalba ɗaya ai ya yi mana cefanen yini."

Wannan amsa ce ta sa na ɗauki alƙalami. Maganata a yau ita ce: muna auna cigaban harkar mai da mudun masu hannun jari, wato ganga nawa aka tace, dala nawa aka samu, alhali mudun da ya shafe mu a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa shi ne abin da ke ci a ƙarƙashin tukunya. Da wannan mudu, baya muka ci.

Bari in fara da ba mai haƙƙi haƙƙinsa, don kada a ce ƙyashi ne. Matatar Lekki babban aiki ce. An gina ta don tace ganga 650,000 a rana, Buhari ya ƙaddamar da ita ranar 22 ga Mayu 2023, ta fara fitar da dizal da man jirgi a farkon 2024, fetur kuma a watan Satumba na shekarar. Ɗan kasuwa ɗaya ya yi abin da gwamnatoci suka shafe shekaru suna alƙawari. Dogayen layuka a gidajen mai sun ragu, a 2025 ma an ga saukin farashi sau da dama. Duk wannan gaskiya ne, kuma wanda ya musa bai yi adalci ba.

To amma mu tambayi kanmu, me ya sa muke rawa haka a kan matatar da ke bakin teku, kusan kilomita dubu daga Funtuwa? Saboda tamu ta kusa ta mutu ne, muka kuma yi shiru. Matatar Kaduna an buɗe ta a 1980, daga baya ƙarfinta ya kai ganga 110,000 a rana, a 1988 aka ƙara mata sashen sinadarai mai samar da kayan haɗa sabulun wanki. A da daga can bututu ke kai mai Zariya, ya rabu zuwa defo na Kano da na Gusau. Da kamfanin NNPC ya fitar da lissafinsa na 2018, sai ga shi matatar Kaduna ba ta shigar da ko kwabo ba a shekarar, amma ta yi asarar da ta haura naira biliyan 60. A Fabrairun 2023 aka ba kamfanin Daewoo kwangilar gyara ta kan dala miliyan 740 da ɗoriya. Ta Fatakwal an amince da dala biliyan 1.5 don gyaranta a 2021, aka yi bikin ta dawo aiki a Nuwamba 2024, aka sake rufe ta a Mayu 2025. Da a ce wani manajan gidan mai ne ya kawo wa maigidansa irin wannan lissafi, ranar zai kwana a hannun 'yan sanda.

Mu Katsinawa muna da namu tabon na musamman. A watan Yuli 2018, a Abuja, gaban Shugaba Buhari da Shugaba Issoufou na Nijar, aka sa hannu kan yarjejeniyar gina matata a Mashi wadda za ta riƙa tace ɗanyen man Nijar. Wa ya ga ko tubali ɗaya? Ɗanyen man Agadem yanzu bututu ke ɗaukarsa zuwa gaɓar tekun Binin. Nijar ɗin da muke yi wa kallon ƙanwa ta buɗe matatarta ta Soraz kusa da Damagaram tun 2011, ƙarama ce, ganga 20,000 a rana, amma tana aiki. A 2020 har yarjejeniya muka ƙulla don mu sayi fetur daga gare ta. Wanda ya je aron riga wurin ƙanensa bai kamata ya riƙa tinƙaho da girma ba.

Yanzu mu zo kan abin da masu murna ba su lissafa ba. Manomin masara a Sabuwa sau uku yake biyan masu harkar mai a kowace shekara. Na farko fetur: babur ɗinsa, injin ban-ruwa, injin casa, injin niƙa, da motar da za ta kai amfanin kasuwar Dandume. Na biyu taki: yuriya daga iskar gas ake yin ta, kuma masana'antar takin Ɗangote da aka buɗe a Maris 2022, mai ƙarfin tan miliyan 3 a shekara, a nan Lekki take. Na uku buhu: wannan farin buhun da muke ɗura masara, daga wani sinadarin roba ake saƙa shi, wanda shi ma daga mai ake cirowa, kuma matatar ta fara samar da shi a 2025. Ko'ina a duniya nan ne masu matatu ke mayar da hankali yanzu. Sun ga motoci masu amfani da lantarki sun kai kusan rabin sababbin motocin da aka sayar a Sin a 2024, sun ga tsofaffin matatu na rufewa a Turai, kamar ta Grangemouth a Sikotilan da ta daina tace ɗanyen mai a 2025. Sun san kasuwar fetur tana da iyaka, amma ta roba da taki tana da sauran nisa. Su sun tsara gobensu. Mu a cikin tsarin nan matsayinmu ɗaya ne, masu saye, kuma a kowane farashi aka yanka.

Idan aka ce kamfani ya samu riba, daga aljihun wani ta fito. Ba laifi ba ne ɗan kasuwa ya ci riba, kasuwa ya zo. Laifin namu ne da muke ɗaukar ribarsa a matsayin tamu don kawai muna jin yare ɗaya. Kuɗi ba ya jin Hausa. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, cikin kwana biyu lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 a Arewa, a Oktoba 2024 ta wuce 1,000. A da akwai asusun daidaita farashi, wanda aka kafa tun 1975, yana biyan kuɗin dakon mai daga Kudu don farashin Legas da na Katsina su zo kusa. Da aka sakar wa kasuwa farashi, kuɗin dakon ya dawo kanmu. Tankokin da ke bi ta Sheme da 'Yankara zuwa Gusau, kowace kilomita da suka ci mu ne ke biya. Wanda kuma ke ƙauyen da babu gidan mai, sai ya ƙara da ribar ɗan bumburutu.

Ƙanen mahaifina yana noman rani a fadama. Injinsa na shan lita huɗu zuwa biyar ranar ban-ruwa. A da naira dubu ta ishe shi, yanzu sai ya tanadi dubu huɗu zuwa biyar, kuma sau biyu a sati. Bana rabin filin ya shuka. Ku ninka shi da dubban manoma irinsa, sannan ku tambayi dalilin tsadar tumatir da albasa.

Sai a ce mana ai ga mafita ta zo, za a koma makamashi mai tsafta. A taron sauyin yanayi na Gilasgo a 2021 Najeriya ta yi alƙawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060. A shekarar aka ayyana shekaru goma na iskar gas. Bayan cire tallafi a 2023 aka kafa shirin shugaban ƙasa na mayar da motoci masu amfani da CNG. Ban ce shirin banza ba ne, direban tasi a Abuja ko Legas da ya samu an juya masa mota ya ga sauƙi. Amma mu fahimci abin. CNG iska ce da ake matsewa da ƙarfi sosai a cikin tukunya mai kauri da nauyi, kuma gidan sayar da ita yana bukatar bututu a kusa, ko manyan motoci na musamman su riƙa kawowa. Bututun da zai kawo gas Arewa, na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, an ƙaddamar da aikinsa a Yuni 2020, an sa masa ranar gamawa an ɗaga ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Ko an gama shi, Kano zai nufa. Mu kuwa abin hawanmu babur ne. Da shi ake kai mara lafiya asibiti, da shi ake kai amarya, da shi ake gudu in an ji harbi. Wa zai ɗaura wa babur tukunyar CNG ya bi hanyar Sabuwa da damina?

Tarihin irin waɗannan ayyuka a jiharmu ma bai ba mu ƙwarin gwiwa ba. Ku tuna tashar lantarki mai aiki da iska ta Lambar Rimi, megawat 10, fankoki 37. An yi garkuwa da injiniya Bafaranshe a Rimi a Disamba 2012, aikin ya yi ta jan ƙafa sama da shekara goma. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ga abin da ya fi ci mini rai. A daidai lokacin da manya ke maganar barin fetur zuwa abin da ya fi shi tsafta, gidajenmu barin kalanzir suka yi zuwa abin da ya fi shi ƙazanta. Kalanzir da a hukumance ake sayarwa naira 50 kafin 2016, yau ya fi fetur tsada. Masu ɗan hali a garin Ƙanƙara da suka sayi tukunyar gas shekaru biyar da suka wuce, da yawa sun tura ta ƙarƙashin gado sun sayo kurfoti. Mai gawayi ya koma itace, mai itace ya koma kara da kashin shanu. Na ga gidan da ake hura wuta da tsohon takalmin roba da leda. Iyayenmu suna ba da labarin murhun Abacha na lokacin wahalar kalanzir a shekarun 1990, muna dariya. Ga shi mun koma abin da bai kai shi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020. Ciwon huhu ga yara, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, yanar ido. Mace tana girki da goyo a baya, jaririn yana shaƙar abin da take shaƙa, sau uku a rana. In ya kamu da limoniya sai mu ce sanyi ne ya shige shi.

A yankinmu kuma itace ba tsadar kuɗi kaɗai gare shi ba, har da tsadar rai. Dajin da ake samo shi, tun daga Rugu har dazukan da suka haɗa mu da Zamfara da Birnin Gwari, mun san waɗanda ke ciki. Ƙanƙara ba ta manta daren 11 ga Disamba 2020 ba, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya aka nausa daji da su. Kowa a nan ya san gidan da aka ɗauke wani nasu a hanyar gona ko wajen yin itace. Yarinyar da aka aika ta yi nisa don bishiyoyin kusa sun ƙare, ranta aka sa a caca saboda tuwon dare.

Ku tuna dokar da Gwamna Masari ya sa wa hannu a ƙarshen Agusta 2021. An hana sayar da fetur a jarka, an taƙaita sayarwa ga gidajen mai biyu a kowace ƙaramar hukuma da abin ya shafa, kuma kada a wuce na naira 5,000. An hana motoci ɗauko itace daga daji, an rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya. Na fahimci dalilin, ɓarayin daji da fetur suke tafiya, kuma ana zargin wasu masu shiga daji da kai musu kaya. Amma dokar ta nuna mana wani abu ƙarara: a dare ɗaya za a iya yanke mana fetur da itace gaba ɗaya, kuma ba mu da na uku. Mai injin ban-ruwa da aka hana jarka, injin zai saɓa a ka ya kai gidan mai? Duk wanda ya ce maganar makamashi daban, maganar tsaro daban, bai zauna a Faskari a 2021 ba.

Yanzu bari in juyo kan ɗaya ɓangaren, don su ma ban yarda da su ba. Akwai 'yan uwanmu da ke cewa duk wannan magana ta makamashi mai tsafta makircin Turawa ce, sun ƙona gawayin ƙasa da mai sun yi arziƙi, yanzu suna son hana mu. Rabin maganar gaskiya ce. Su suka cika sararin sama da hayaƙi, kason Afirka kaɗan ne ƙwarai, kuma ba su da bakin yi mana wa'azi. Amma hayaƙin da ke kashe Inna ba daga Jamus ya taso ba, daga murhunta ne. Bishiyoyin ɗorawa da kaɗanya da kanya da ake sarewa a mayar gawayi, ba Bature ne zai rasa daddawa da man kaɗe ba. Ƙasar gona da ruwa ke kwashewa don babu saiwar da za ta riƙe ta, tamu ce. In mun ƙi tukunyar gas da injin sola don mu ba Turawa haushi, mun zama mai fushi da kasuwa, ita ba ta san yana yi ba.

Kuma an yi abin a wasu wurare, ba mafarki ba ne. Indunusiya ta fara a 2007, ta raba wa gidaje sama da miliyan 50 ƙaramar tukunya mai kilo 3 da kan murhu kyauta, ta raba su da kalanzir. Indiya ta fara nata shirin a Mayu 2016, da sunan matar gida ake rajista, sun haura gidaje miliyan 100. Su ma sun gamu da matsala, da yawa sun karɓi tukunya sun kasa sake cikawa, sai da aka sa tallafi a kan cikon. Darasin a fili yake: raba tukunya a gaban kyamara ba ya wadatarwa, sai gas ɗin ya zo kusa kuma ya zo da araha. Najeriya tana da arziƙin gas da ya haura ƙafa tiriliyan 200, ta fi kowace ƙasa a Afirka, kuma har yau muna cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona shi a banza a bakin rijiyoyin mai. Wuta na ci dare da rana a Neja Delta ba tukunya a kai, a Sabuwa ga tukunya ba wuta.

To me nake nema? Abu huɗu, kuma babu wanda ya fi ƙarfin gwamnati.

Na ɗaya, kuɗin da jihohi da ƙananan hukumomi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru sosai bayan cire tallafi, gwamnoni da kansu sun faɗa. A ware wani kaso a fili don girki: ƙaramar tukunya da kan murhu ga matan ƙananan hukumomin da ke bakin daji, a fara da 'yan gudun hijira da zawarawan da rikicin nan ya bari da marayu.

Na biyu, wurin cika gas mai lasisi a kowane babban gari da ke cin kasuwar mako, a riƙa sayar da ko rabin kilo ne, yadda mace mai sayen itacen naira ɗari uku za ta iya. An cire harajin kayayyaki a kan gas ɗin girki a 2024, amma ragin bai iso mu ba, kuɗin dako ya cinye shi. A nan ne tallafi ke da amfani.

Na uku, injin ban-ruwa mai sola bashi, a biya bayan girbi, ta hannun ƙungiyoyin manoma na gaskiya, ba ta hannun kansila da 'yan korensa ba. Rana ba a hana ta a jarka.

Na huɗu, 'yan majalisarmu na tarayya su tashi su tambayi NNPC a bainar jama'a: ina aka kwana kan matatar Kaduna, nawa aka kashe, yaushe za ta yi aiki? In ba za ta tashi ba a faɗa mana, a sayar wa wanda zai iya. Su kuma tambaya ina yarjejeniyar Mashi ta shige.

Na san abin da za a ce. Za a ce tallafi ƙofar sata ce, mun gani a fetur. Haka ne, shi ya sa na ce a lissafa da sunan mace da unguwarta, a manna jerin a ƙofar mai unguwa kowa ya gani. Za a ce matan ƙauye na tsoron gas, zai tashi da gida. Tsoron yana da dalili, mun ji labarin gobara. Amma matan da suka koyi aiki da wayar hannu da injin markaɗe ba za su gaza koyon rufe kan tukunya ba, in an koya musu a islamiyya da asibitin awo. Za a ce ɓarayi za su kwashe farantan sola. Suna kwashe shanu ma, ba mu ce a daina kiwo ba, cewa muka yi a kawo tsaro.

Ni ban hana kowa murna da matatar Lekki ba. Abin da na ƙi shi ne a hana mu tambaya da sunan kishin Arewa. Duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'a, kafin ya fara lissafa mana ganga da dala, mu ja hannunsa mu kai shi madafi da magariba, ya tsaya minti goma a inda iyayenmu ke tsayawa shekara arba'in. In ya fito idonsa bai yi ruwa ba, sai mu saurare shi.

Ina son jin ta bakinku, musamman 'yan uwa mata da mutanen Sabuwa da Ƙanƙara: da me ake girki a gidanku yau, da me ake yi shekara biyar da suka wuce, kuma nawa ake kashewa a sati? Ku rubuto a ƙasa, mu tara lissafinmu da kanmu, mu miƙa wa wakilanmu.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya ba iyayenmu lafiya, Ya sa mu ga damina mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.